Mu da Marta 'Yan Gida Ɗaya Ne

Ranar Lahadi da la'asar muna gindin mangwaro a Maitumbi, nan Minna, kowa da maficinsa, don an ɗauke wuta tun asuba. Ga madatsar lantarki ta Shiroro nan kusa da mu, ga ta Kainji, ga ta Zungeru, duk a jiharmu, amma zafin watan Maris da kwali muke korarsa. Muna nan sai ga maƙwabciyarmu ta dawo daga coci, huɗu saura, ɗankwali ya karkace, takalmi a hannu. Ta zube a tabarma ta ce, "Wash! Ranar hutu ke nan."

Dariya har da masu ƙwalla. Matar nan ta fita tun shida. Ta koyar a Makarantar Lahadi, ta yi waƙa da Zumuntar Mata, ta zauna ƙirgen baiko, aka tsare ta mitin ɗin anko, daga can suka wuce Tunga gaisuwar mutuwa.

"To me Fasto ya yi wa'azi a kai yau?" in ji Baba, tsohon ma'aikacin reluwe, dattijo ne a ECWA.

Ta yi shiru tana lalube. Can ta ce, "Salama, Baba."

"Kin samo mana ko kaɗan?"

"Na baro ta a bakin ƙofa, wajen sanarwa."

Abin dariyar shi ne duk haka muke. Mu Kiristocin garin nan in hankalinmu ya tashi, maganinmu guda ne, a ƙara taro. Talata zumunta, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Alhamis koyon waƙa, Jumma'a a kwana a coci da lasifika biyu da janareta, Asabar kuma in ba biki to shara. Mai shago a kasuwar Kure ya yini yana ciniki da masu taya kaya rabin kuɗi, ya sha cunkoson Kpakungu, ya zo ya tsaya yana roƙon Allah natsuwa da muryar da za a ji a Chanchaga. Ba raina taro nake yi ba, ni ma sakataren kwamiti biyu ne, kuma ranar da na kwanta asibiti 'yan zumuntar nan ne suka yi ta kawo kunu. Sai dai mun karanta labarin Marta da Maryamu a Luka sura 10 ya fi a ƙirga, mu gyaɗa kai mu ce Maryamu ce ta yi daidai da ta zauna tana sauraro, sannan mu tashi mu kafa kwamitin girki.

"Ku bar Marta ta huta," in ji maƙwabciyar. "Da ba ta shiga madafa ba, me baƙin za su ci? Ku maza kun iya yabon Maryamu da cikinku a ƙoshe."

Nan Baba ya sara mata. Ya ce gaskiyarta, ai ba girkin aka hana Marta ba, damuwar da ta ɗora a kan girkin ce aka yi mata magana a kai. Sai ya juya wajen Kaka, surukar maƙwabciyar, wadda Bagwariya ce daga wajen Paiko, ya ce ta faɗa mana dalilin da matansu na Gbagyi suke ɗaukar kaya a kafaɗa. Kaka ta ce ai ko yaro ya sani, kai yana da nasa kayan, shi ke tunani domin jiki duka, ba a ƙara masa itace. "Ku 'yan zamani," in ji ta, "kuɗin makaranta a ka, kuɗin haya a ka, wayar hannu ma a ka."

Kuma ba a banza kan ya yi nauyi ba. Tun bam ɗin Madalla na Kirsimetin 2011 muka koyi sujada da kunne ɗaya a bagade, ɗaya a bakin ƙofa. Gidaje nawa ne a unguwar nan ba su da baƙo daga ƙauyukan Shiroro ko Munya, wanda ya baro gonar doyarsa ba da sonsa ba? Wanda ya ce wa irin wannan "kwantar da hankalinka" kamar yana ba shi fanadol, bai san abin da yake faɗa ba.

Da aka bi ta kan kowa, ashe kowa yana da ɗan lungun da yake satar natsuwa, ba ya dai faɗa. Wani ƙanenmu ɗan Katolika mai tuƙa Keke ya ce in rana ta take, fasinja sun yi ƙasa, yakan ajiye keken ya shiga cocin St. Michael ya zauna a bencin baya minti goma da carbinsa, ba waƙa ba sanarwa. Maƙwabciyar ta ce ita tata a wajen wanke-wanke take, tana rera waƙa ɗaya ta Littafin Waƙoƙi a ƙasan maƙoshi har tukwane su ƙare. Baba kuwa agogonsa ladanin masallacin bayan gidanmu ne. Da an kira assalatu zai kunna tocila, ya buɗe tsohon Littafi Mai Tsarkinsa, fassarar 1932 da ya gada, ya karanta Zabura guda, ya yi shiru har gari ya waye. Ya ce ranar da ladan ya makara, shi ma ya makara, har ya taɓa zuwa ya yi masa ƙorafi.

"Shirun me kuke yi haka, Baba?" in ji ƙanen namu.

"Sauraro, ɗana. Ko jirgin Baro, a zamanin gawayi, sai ya tsaya a Minna ya sha ruwa kafin ya kama hanyar Kano."

Bai rufe baki ba yara suka kwarma ihu, "An kawo! An kawo!" Tabarma ta watse. Wannan ta ruga guga, wancan ya ruga cajin waya, ni na ruga tayar da famfo. Wayar maƙwabciyar ta yi ƙara, matar Fasto ce, wai an manta ba a tsayar da kalar ɗankwali ba. Ta zura takalmi. Baba da Kaka suka ja tabarmar zuwa inda inuwa ta koma.