Ran da Ƙafar Tela Ta Yi Nauyi

Mu 'yan gudun asuba a unguwarmu, ko an haɗu gaba ɗaya ba mu cika goma ba. Da an sallame sallah kowa zai shiga gida ya tuɓe jallabiya ya ɗaura kambas, mu haɗu a bakin titi tun gari bai gama wayewa ba. Ranakun aiki mu zaga ta cikin Unguwar Rimi mu dawo, Asabar kuwa sai Dandalin Murtala, inda jama'ar Kaduna ke fitowa motsa jiki, manya da yara. Daga nan sai teburin mai shayi. A wannan tebur ake yanke duk wata shari'ar gudu, kuma a nan muka shafe makonni muna maganar tela.

Telan nan shi ne gwarzonmu. A watan Fabrairu ya hau mota ya tafi Legas, ya shiga gudun fanfalakin nan na kilomita 42 da ake yi duk shekara tun 2016. Wata huɗu ya yi yana shiri, kowace Asabar yana ƙara zango. Ya gama cikin awa biyar da minti goma, ya dawo mana da lambarsa, muka yi ta karɓa hannu zuwa hannu. Ranar mai shayi ya ce haram ya karɓi kuɗinsa.

Sai azumi ya kama. Wanda ya san tela a watan azumi ya san ba ya barci. Ɗinkin salla ya taru har rufi, masu kaya suna tsaye a ƙofa, keke na kuka har sahur. Ba wanda ya yi tsammanin ganinsa a titi, mu kanmu sai bayan asham wasu ke ɗan taɓa sassarfa. Aka yi salla, aka gama yawon salla, muka koma sahu. Tela ya fito sau biyu. Ranar farko ya tsaya a kilomita uku ya dafa gwiwa yana haki. Rana ta biyu ko agogonsa bai duba ba, ya juya gida. Daga nan shiru.

Da na je shagonsa, yana yanka shadda, bai ɗago ba ya ce, "Malam, ba ciwo nake ba. Ƙafar ce kamar an ɗaura mata bulo. Kuma in na farka da asuba, sai in tambayi kaina, gudun me zan fita yi?"

Wannan tambayar ita ta tsaya mini a rai, don kusan kowa a cikinmu ya taɓa yi wa kansa ita, sai dai ba ma faɗa. Halinmu ke nan: in ɗayanmu ya yi sanyi, sai mu ce kasala ce, mu yi ta zolayarsa har kunya ta hana shi fitowa. Ni ban yarda kasala ba ce. Mutumin da ya tashi asuba ɗari yana gudu cikin sanyin hunturu da hazo ba rago ba ne. Wata huɗu Legas na gabansa kamar alƙibla. Ya je, ya gani, ya dawo, gaban ya zama fili fetal. Ga jiki da bai huta ba, ga wata guda na rashin barci, ga bazara ta buɗe wuta, tun ƙarfe bakwai rana na dukan ƙeya.

Da aka kawo maganar teburin shayi, ƙaraminmu, wani yaro mai Keke Napep da gudu ke cikin jininsa, shi ya fara. Ya ce maganin abin ɗaya ne, Oga ya sa ransa a Legas ta baɗi, amma wannan karon ƙasa da awa huɗu. Malamin lissafin da ke cikinmu ya ja takardar burodi ya ce a ba shi biro. Ya ce awa biyar da minti goma a kilomita 42 da ɗoriya, kowace kilomita minti bakwai da daƙiƙa ashirin da ɗaya ke nan. Awa huɗu kuwa na son minti biyar da daƙiƙa arba'in da ɗaya, daga tashi har ƙarshe ba sassauci. Ya ture takardar gaban yaron ya ce, "Ɗan samari, mutumin da kilomita uku ta tsayar da shi, wannan ba buri ka ba shi ba, dutse ka ɗora masa." Na ga gaskiyarsa. Muna da son babban buri don yana da daɗin faɗa a bainar jama'a, amma buri mai nisan wata goma ba ya tayar da kowa daga barci gobe.

Akwai ma'aikacin asibiti a cikinmu, shi kuma ta ɓangarensa ya zo. Ya ce kafin a yi maganar tsere, tela ya je a duba jininsa. Zazzaɓin cizon sauro kan fasa jajayen ƙwayoyin jini, su ne kuwa ke kai iska ga tsoka, sai mutum ya warke amma ya yi makonni yana haki a inda da yake wucewa yana hira. Ya koya mana wani abu mai sauƙi: da ka farka, kafin ka sauko daga gado, ka dafa wuyan hannu ka ƙirga bugun zuciyarka na minti ɗaya. Ka yi haka kullum har ka san adadinka. Ran da ka ga ya haura sosai kwana biyu uku a jere, jikin na roƙon hutu ne ko akwai ciwo a tafe. Ya tambayi takalmin ma. Ashe wanda tela ya yi shirin Legas da shi, ya kuma yi tseren da shi, shi ne har yanzu a ƙafarsa, gwanjo ne kuma tun asali. Soson ƙasan ya mutu murus.

Baba tsohon soja bai ce uffan ba sai da ya shanye shayinsa. Ya haura sittin, shi ne kullum a bayan sahu, kuma shi kaɗai ne ban taɓa ganin ya ɓace wata guda ba. Ya ce, "Yarana, laifinku ɗaya. Kullum tsere kuke yi. Litinin tsere, Talata tsere, kowa na leƙen agogon ɗan'uwansa. Gudun da ba za ka iya amsa sallama a cikinsa ba, sau ɗaya ko biyu ake yinsa a mako. Sauran a yi shi ana hira."

Yaron ya ce, "Baba, ai gudun hira na dattawa ne."

Malamin ya ce a'a. Ya kawo Eliud Kipchoge na Kenya, wanda ya yi kilomita 42 cikin awa ɗaya da minti 59 da daƙiƙa 40 a Vienna a 2019. A sansaninsu na Kaptagat mafi yawan gudun mako a hankali suke yi, ranakun wuta ƙalilan ne, in ya gama babban tsere kuma yakan huta makonni kafin ya koma atisaye. Yana kuma da littafin da yake rubuta aikin kowace rana. In mai wannan ƙafa yana hutawa, don me tela zai ga hutu abin kunya ne? Aka ɗan zarce zuwa 'yan Pankshin na Filato da suka saba yin fice cikin 'yan Najeriya a irin waɗannan tsere, da yadda tudu da sanyin ƙasarsu ke gina huhu, har mai shayi ya ce mu tashi zai wanke kofuna.

Washegari ni da Baba muka je shagon. Baba ya zauna a benci ya ce, "Ɗana, ajiye almakashin nan." Bai ambaci Legas ba ko sau ɗaya. Ya ce mako biyu na farko a bar agogo a gida, minti ashirin, gudu da tafiya a cakuɗe, kwana uku a mako. Bayan haka a riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, kada ƙarin mako ya wuce kashi ɗaya cikin goma na makon da ya gabata. Sa'an nan muka zauna zaɓen abin da za a sa a gaba, tela da kansa ya zaɓa: kilomita goma cikin ƙasa da awa ɗaya, kafin damina ta ɗauke. A filin da zagayensa yake mita 400, zagaye ashirin da biyar ke nan, kowanne cikin ƙasa da minti biyu da daƙiƙa ashirin da huɗu. Abu ne da zai iya gwadawa a nan gida ran Asabar, ba kuɗin mota, ba masauki, mu ne 'yan kallo, mu ne masu riƙe ruwa.

In wannan ta samu, sai kilomita 21 cikin hunturu, irin zangon da aka yi a gudun Kaduna na Nuwambar 2020. Tela ya ce kuma ransa na son Okpekpe ta jihar Edo, tseren kilomita goma da ake yi a kan tuddai tun 2013, don ya ji ana cewa hawan wurin na gwada namiji. Baba ya ce wannan a rubuta ta a can ƙasan takarda, da ƙananan baƙi.

Abin da ya faranta mini shi ne maganar ba ta tsaya kan tela ba. Ashe da yawanmu gudu kawai muke yi ba inda muka nufa. Malamin ya ce shi kilomita biyar cikin minti ashirin da biyar yake nema. Ma'aikacin asibitin ya ce burinsa wata uku ba fashin Asabar. Yaron ya yarda, da ƙyar, zai riƙa bin Baba a baya ran Litinin da Alhamis. Ni na ɗauki kilomita goma tare da tela, don in yana gefena ba na tsayawa.

Gwajin jinin ya nuna ya ɗan yi ƙasa, an ba shi magani, an ce ya yawaita hanta da wake da zogale. Takardar burin tana manne a bangon shago, tsakanin awon wani ango da kalandar masallaci, ya soke ta da allura. Jiya ya yi minti talatin bai tsaya ba, yana ba mu labarin wata mai leshi da ta canja ɗinki sau uku. Gobe ni ne da bugun ƙofarsa, Baba ya ce in bai amsa ba a bugu na uku in kira shi Baban a waya ya zo da kansa.