Fida da Gyatsa a Gidajenmu na Sakkwato

Mu nan Sakkwato, in mai jego ta fito da fida a gidan suna, sai mata su fara kallon juna. Daga Runjin Sambo har Mabera tambayar ɗaya ce: "Mi yas sami nononta?" Ba a tsayawa a ji ko tiyata aka yi mata, ko tagwaye ta haifa, ko hutun haihuwa ne ya ƙare za ta koma aiki. Wani jaririn ma maraya ne, gwaggonsa ke riƙo. Mun cika tsangwamar matan nan, alhali yadda ake ba da madarar shi ne abin sa wa ido.

Babu mai musun nono ya fi. Duk wadda ta je awo, ko a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ko a Asibitin Mata da Yara na Maryam Abacha, ta ji maganar nono zalla har wata 6, sannan a ci gaba da shayarwa zuwa shekara 2, wanda dama addini ya riga ya koya mana. Tun 1981 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa ƙa'idar hana tallan madarar jarirai barkatai. To, amma in lalura ta kawo fida gida fa?

A nan tsofaffinmu suka fi mu. Dubi Inna in an miƙa mata jinjiri ya gama sha. Sai ta yafa tsumma a kafaɗa, ta miƙar da shi a ƙirjinta, haɓarsa bisa kafaɗar, ta ɗan lanƙwasa tafin hannu tana bubbuga bayansa a hankali, tana shafawa daga ƙasa zuwa sama. Ba ta gaggawa, hirarta take yi. Can sai ka ji gyatsa, wani lokaci da ɗan tumbuɗi, ta goge masa baki ta ce, "Madalla, yanzu ɗiyata ki kwantar da shi." Iskar da ya haɗiya ce ta fita, kuma mai shan fida ya fi haɗiyarta, musamman in kan robar bai cika da madara ba. In aka bar ta a ciki, kuka da murɗawa ne har asuba, mu kuma mu ce ciwon ciki ne, a kawo bauri.

Abin da ke tayar mini da hankali shi ne tokare fida da matashi, a bar jinjiri kwance yana sha, uwa ta tafi duba tukunya. Yana iya shaƙewa ba wanda ya gani. Ga kuma ƙara ruwa don gwangwani ya kai ƙarshen wata. Tsada gaskiya ce, wallahi, amma cikin yaro kan cika ne kawai yana ramewa.

Sai maganar zafi. A watan Afrilu, in ma'auni ya haura digiri 40, kowace kaka cewa take, "Ku ba shi ruwa, zahin ga ba wasa ba na." Nono kansa mafi yawansa ruwa ne, ya ishe shi. Madarar gwangwani kuwa da tafasasshen ruwa ake haɗa ta tun da sauran zafinsa, a huce ta, a ɗiga a bayan hannu a ji. Wadda ta yi awa 2 a ajiye zubarwa ake yi, balle a garin da wuta ba ta zama bare a dogara da firij.