Ɗabaƙoƙin Masu Leƙen Ganye

Daga cikin al'adun mutanen Amurka waɗanda baƙo zai daɗe bai gane kansu ba, akwai wannan: da zarar watan Satumba ya yi nisa, sanyi ya fara sallama, sai ka ga mutum baligi, mai cikakken hankali, wanda ba a taɓa jin ya taɓu ba, ya nemi hutu a wurin aiki, ya cika tankin mota, ya zuba iyalinsa a ciki, ya doshi arewa maso gabashin ƙasar, ba don biki ba, ba don ta'aziyya ba, ba kuwa don fatauci ko ɗalabul ilmi ba, sai don kawai ya je ya ga ganyen itatuwa yana mutuwa. Mutanen jihohin Vermont da New Hampshire da Maine, waɗanda ganyen ke mutuwa a ƙofar gidajensu, suna kiran waɗannan baƙi masu leƙen ganye, kuma ba da sigar yabo suke faɗa ba. Adalci ya wajabta in faɗa tun da wuri cewa abin ya isa kallo: tudu bayan tudu, iyakar ganin ido, ja da rawaya da ruwan goro, kamar an kwaso barkono da tattasai na duniya duka an shanya a kan duwatsu, har wanda zuciyarsa ta fi ta kowa ƙeƙashewa sai ya ji tasbihi ya kuɓuce masa. Sai dai wanda ya bi hanyoyin nan a Oktoba ya san bayan motar wani ya fi gani a kan ganye, kuma tun da cunkoso yana ba mutum sararin nazari, na ga ya kyautu in kasa matafiyan ɗabaƙa ɗabaƙa, yadda malamai suka kasa maruwaita.

Shugaban ɗabaƙoƙin nan shi ne mai hisabi, wanda ba ya neman launi kawai, ƙololuwar launi yake nema, wato 'yan kwanakin nan da ganye ya gama rinuwa amma bai fara zuba ba. Tun watan Yuli ya kama ɗaki a masauki, ya buga taswirar hasashe ya manna a bango, ya haddace cewa launin yana farawa daga arewa ya gangara kudu, daga kan tsauni ya sauko kwari, har yana iya gaya maka cewa arewacin Vermont yana kai wa gaci wajen ƙarshen Satumba da farkon Oktoba, alhali ƙasan tsaunukan Smoky a can kudu sai ƙarshen Oktoba. Duk da wannan tahƙiƙi, bawan Allahn nan bai taɓa dacewa ba, domin a daren da zai taso ne ruwa da iska za su kakkaɓe itatuwan, ko kuwa zafi ya ƙi tafiya ya tarar da daji kore shar. Ko a shekarar da ya dace ma ba a bari ya sani, gama duk wanda ya tambaya, daga mai gidan mai har mai sayar da kofi, amsa ɗaya ce kamar sun yi ijma'i: ai da makon jiya ka zo. Yakan koma gida da baƙin cikin ganyen da bai gani ba, wanda ya gani kuwa ba ya cikin lissafi.

Bayansa sai mai hoto, wadda ita ce fitinar wannan zamani. Ba ta zo ganin ganye ba, ta zo ne ganye ya gan ta. A but ɗin motarta akwai riguna kala uku da huluna da gyale mai launin kabewa, akwai kuma miji, wanda aikinsa a wannan tafiya shi ne durƙuso a cikin raɓa yana riƙe da waya, ana umartarsa ya ɗaga, ya sauke, ya matsa, a kuma watsa ganye sama a sake watsawa har sai ya sauko yadda ake so. Wannan ɗabaƙa ta kai ga abin da ba a zata ba a wani ƙauye mai suna Pomfret a Vermont, inda wata gona mai jajayen rumbuna da hanya mai gangarowa ta shahara a Instagram da TikTok, mutane suka riƙa tururuwa suna toshe hanya, suna tsallaka shinge, suna shiga filin mutane, wasu har suna biyan buƙatarsu a gindin itatuwa, har a kakar 2023 hukumar garin ta rufe hanyar Cloudland ga duk wanda ba mazaunin wurin ba na kimanin mako uku. Hoton dai yana nan, kowa yana da irinsa, kuma a cikin kowane an yi dabarar yanke sauran mutum arba'in da ke layi a baya.

Akwai wasu biyu da Allah kan haɗa a mota ɗaya don jarrabawa, galibi ta hanyar aure. Na farko shi ne mai cin mil, wanda ya ji cewa hanyar Blue Ridge, wadda ta taso daga Virginia ta dire a North Carolina, mil 469 ce, an fara gina ta a 1935 ba a ɗinke ta ba sai 1987, sai ya ɗauki abin a matsayin cin fuska, ya yi alwashin gama ta da gaggawa, bai san cewa doka ta hana wuce gudun mil 45 a kanta ba, kuma ko doka ba ta hana ba, ga wata doguwar mota mai ɗakin kwana a gabansa, wani tsoho yana jan ta cikin natsuwar wanda ya gama da duniya. Wannan ba ya tsayawa fitsari, ba ya tsayawa kallo, shi ne kuma wanda zai shiga hanyar Kancamagus a New Hampshire da ɗan guntun mai, alhali an rubuta a allo cewa mil 30 da ɗoriya ce babu gidan mai ko ɗaya. Na biyun kuwa mai tsayawa ce, wadda kowace kwana ta fi ta baya kyau a wurinta, har idan aka hau hanyar Skyline ta Shenandoah, mai mil 105 da wuraren tsayawa kallo kusan 70, sai ta ɗauki kowanne farilla. Ga irin waɗannan aka tanadi Cades Cove a gandun Great Smoky, wanda ya fi duk manyan gandayen ƙasar baƙi, sama da miliyan 12 a shekarar 2024. Zagaye ne na mil 11, hanya ɗaya ba juyawa, kuma idan wani a can gaba ya hango beyar, baƙar dabbar nan ta dajinsu, ko ya hango kututturen da ya yi kama da ita, sai ya kashe mota a tsakiyar titi ya fito, daga nan duk wanda ke bayansa ya shiga i'itikafi na dole.

Mai ziyara shi ne wanda na fi tausaya wa, domin ya yarda da abin da aka rubuta a littafin matafiya yardar da ba ta kamaci littafin ba. Shi ne zai karkata zuwa Plymouth a Massachusetts don ya ga dutsen da aka ce a kansa Turawan Ingila suka fara sa ƙafa a 1620, yana tafe yana sawwala wani gawurtaccen dutse a ransa, sai ya iske wani gini mai ginshiƙai, ya leƙa ƙasa ta kan shinge, ya ga wani ɗan dutse a kwance cikin yashi, da tabon gyara a jikinsa, wanda mutum uku in sun zauna a kai na huɗu sai ya tsaya. Da ya binciki isnadin labarin da ya huta: waɗanda suka sauka daga jirgin ruwan a 1620 ba su ambaci wani dutse a rubuce-rubucensu ba, sai a 1741, bayan shekara 121, wani dattijo mai suna Thomas Faunce, yana da shekara fiye da 90, ya ce mahaifinsa da wasu magabata sun nuna masa shi, mahaifin nan kuwa bai zo a jirgin farko ba, sai a 1623. Riwaya irin wannan ko almajiri ya san darajarta. Sa'an nan a 1774 aka zo ɗaga dutsen da shanu ya tsage biyu, masu neman tsaraba kuma suka yi ta ɓantara. Daga can mai ziyara sai ya nufi Salem, garin da a 1692 aka rataye mutum 19 bisa ƙazafin maita, aka danne ɗaya da duwatsu har ya cika, ya tarar jikokin zamani sun mai da musibar kasuwa: duk watan Oktoba titi ba masaka tsinke, kowa da doguwar malfa mai tsini, ana layin sa'o'i don shiga kantin kyandir. Ban ga laifin wanda ya je wurin tunawa da mamatan ya tsaya shiru ba, yana nan a gefen tsohuwar maƙabarta, sauran kuwa a bari sai Nuwamba. Ƙarshen ziyararsa Franconia Notch, inda wani dutse mai siffar fuskar tsoho ya daɗe yana leƙe daga kan tsauni, har jihar New Hampshire ta sa shi a allunan hanyoyinta, ya kuwa rufto a watan Mayu na 2003, yanzu an kafa wasu sandunan ƙarfe waɗanda in ka tsaya daidai ka kanne ido za su nuna maka inda fuskar take a da. Mutane suna tsayawa, suna kannewa, suna ɗaukar hoto.

Malamin ganye ba ya cutar da kowa sai da bayani. Kana cikin kallo zai matso ya sanar da kai cewa rawayar nan tana cikin ganyen tun damina, koren kulorofil ne ya rufe ta, da rana ta gajarta itace ya daina yin koren sai ta bayyana, jan kuwa sabon rini ne da ganyen ke yi daga sukarin da ya taru, shi ya sa hasken rana da sanyin dare ke ƙara masa ja. Duk gaskiya ne, aibinsa ɗaya, yana faɗa a kowane wurin tsayawa.

Mai sayen wahala kuwa iri-iri ne. Akwai wanda zai biya kuɗi ya hau Dutsen Washington da mota, ƙafa 6,288, ta hanyar da aka buɗe tun 1861, mai lanƙwasa ba shinge, ya isa sama inda aka taɓa auna iska mai gudun mil 231 a 1934, ya tarar gajimare ya rufe ko'ina ko takalminsa da ƙyar yake gani, ya sauko birki yana ƙauri, ladansa sitika da zai manna a bayan mota don shaida cewa motar ta hau. Akwai wanda zai yanki tikiti tun da wuri ya tashi kafin assalatu, abin da bai taɓa yi don Ubangijinsa ba, ya hau Dutsen Cadillac a Maine don ya riga mutanen ƙasar ganin fitowar rana. Amma wanda ya fi ba ni mamaki shi ne wanda zai shiga gonar tuffa ya biya manomi don a bar shi ya yi masa aikin tsinka, a farashin da ya fi na kanti, sa'an nan ya ƙara biya a sa shi cikin gonar masara da aka yanyanka wa lunguna don ya ɓata. A 2011 wasu iyali a Massachusetts sun ɓata a irin wannan gona har suka buga wa 'yan sanda waya. A hanyar fita zai sayi zumar itacen mapul a kwalba mai siffar ganye, yana zaton sabuwar kaka ce, alhali a ƙarshen hunturu ake tatsar ruwan, galan 40 a dafa a sami galan ɗaya, Vermont kuwa ita ke fid da kusan rabin abin da ƙasar ke samarwa.

Ba zan tsallake namu ba, domin a unguwar Bronx ta New York akwai Hausawan Gana da Nijar da Nijeriya, kuma a kowace kaka akan sami yaron da ya tashi a can ya yi niyyar kyautata wa kawunsa da ya zo ziyara. Dattijon zai shiga mota da babbar riga a kan suwaita, da buta a gindin ƙafa, ya yi addu'ar tafiya, ya yi shiru sa'a huɗu, har a tsaya a kan wani tudu a buɗe masa ƙofa.

"Kawu, ga shi nan, mun iso."

"To, madalla. Wa muka zo gaisarwa?"

"Ba kowa, Kawu, ganyen ne."

Sai ya dubi dajin, ya dubi yaron, ya tsinki ganye guda ya murza ya sansana, ya tambaya ko ana miya da shi, ko yana maganin shawara, ko dabbobi na ci. Da aka ce a'a, sai damuwarsa ta koma ta fiƙihu, ko tafiya irin wannan ta halatta ƙasaru, tun da malaman Malikiyya sun karhanta shi ga mai tafiyar lahawu, daga bisani ya yanke wa kansa fatawa cewa in an ƙulla niyyar tafakkuri a cikin halittar Allah to an fita daga shubuha. Ruwan tuffa da aka miƙo masa bai kai baki ba sai da aka karanta masa jikin kwalba sau biyu, domin ya ji akwai mai sa maye a cikin danginsa. A zatona shi kaɗai ne a wurin ya dubi dajin da idonsa tsawon minti goma ba waya a hannu, ko da yake rabin lokacin yana ƙiyasta buhun gawayin da ke ciki ne.

Saura mai gari, wanda bai je ko'ina ba amma tafiyar ta zo masa. Shekara guda yana tsine wa masu leƙen ganye, waɗanda suka sa tafiyar minti goma zuwa kanti ta koma ta sa'a guda, suka ajiye mota a ƙofar garejinsa, suka tambaye shi ƙarfe nawa ganyen ke yin ja. A cikin wannan tsinuwa kuma ya ninka kuɗin ɗakin da yake haya, ya jera kabewa a bakin hanya da akwatin jefa kuɗi, ya fito da tsohon keken shanu da kakansa ma ya daina amfani da shi ya jingine inda zai shiga hoto. Kafin tsakiyar Nuwamba baƙi sun watse, ganyen da aka yi tafiyar mil ɗaruruwa don gani ya sauko gaba ɗaya a tsakar gidansa, ya toshe indararo, ya jiƙe ya yi santsi, shi kuwa ya fito da manjagara da manyan jakunkunan takarda yana tarawa yana gunaguni, maƙwabcinsa kuma ya tayar da injin hura ganye tun da sassafe yana turo masa nasa ta ƙarƙashin shinge.