Jama'ar Bencin Awon Ido

Tun da na haura arba'in rubutun waya ya fara guduna, ina miƙa hannu har hannun ya ƙare. Dalilin ke nan na wuni a bencin wani ɗakin awon ido a nan Birnin Kebbi, inda na ga bayin Allah iri-iri.

Gwanina shi ne Baba Mai Hadda. Tun yana layi ya kasa kunne ga waɗanda suka riga shi, leɓensa na motsi kamar mai lazimi. Da aka zaunar da shi mita 6 daga allo, aka rufe masa ido guda, sai ya zubo layin ƙasa tiryan-tiryan tun likita bai ɗaga sanda ba. Likita ya murmusa, ya juyo allon nan mai harafi ɗaya tal mai ƙafa uku, ya ce, "Baba, ina ƙafafun suka dosa?" Shiru. Can ya nuna gabas, ina jin don albarkar alƙibla. Aka ce ba nan ba. Ya ce, "Ɗana, wanga allo ba shi ne na ɗazu ba, an yi min maguɗi." Shi a wurinsa jarrabawa ce, kuma bai taso tun daga Argungu don ya faɗi a gaban 'ya'yan cikinsa ba. Ya shaida mana cewa a kogin Matan Fada daga gaɓa yake hango giwan ruwa. Da zai fita kuwa, sai da jikansa ya nuna masa ƙofa.

Akwai magajin gilashi, sanye da na marigayi wansa, yana kukan ciwon kai. An ce masa kowane ido da lambarsa, har tazarar da ke tsakanin ƙwayoyin biyu aunawa ake yi. Ya ce ai uwarsu ɗaya ubansu ɗaya. Ga Hajiya, idonta garau, firem mai ruwan zinare take so saboda biki. Ga wanda ya zaɓi nasa a faifan mai talla a babbar kasuwa, lamba ɗaya hagu da dama, ya zo likita ya sa masa albarka.

Sai 'yan "a maimaita". Likita na sauya kwalabe cikin firem ɗin gwajin nan mai danne karan hanci, yana tambaya, "Wannan ko wannan?" Na san wanda ya sa aka maimaita har sau bakwai, ƙarshe ya koma kan na farko. Uwargida ta ce kada in faɗi sunansa.

Duk waɗannan dariya suka ba ni. Wanda ya ɓata min rai wani uba ne da ya kawo 'yarsa, ba za ta wuce shekara 9 ba, don malaminsu ya matsa. A gida daƙiƙiya ake ce mata, alhali allon aji ne ba ta gani. Da aka ɗora mata kwalaben da suka dace, sai ta juya wajen taga ta ce, "Baba, ashe ana ganin ganyen dogonyaro ɗai-ɗai?" Ya ce a cire. Wai gilashi cinye ido yake yi, kuma wa zai auri mai ido huɗu? Likita ya yi bayani har ya gaji cewa gilashin da aka auna ba ya rage ƙarfin ido, hana shi ne ke cutar da karatun yaro. Uban ya fizgi hannunta suka fita, shi kuwa da baƙin tabaran gayu a goshi.

Malam uban yarinya, in wannan rubutu ya iso gare ka, don Allah ka mayar da ita a yanka mata gilashinta.