Ranar da Mai Shayi Ya Zama Farfesa

An ɗauke ni karatun digiri na biyu a fannin noma, aka ce in je in gana da malamin da zai duba aikina. Abin da nake son bincika shi ne wuta-wuta, wadda wasu ke kira ƙuduji, ciyawar nan mai kyan fure da ke maƙale wa saiwar dawa da gero ta tsotse su tun tana ƙarƙashin ƙasa. Tushe ɗaya kan zubar da iri dubbai, irin kuma ya yi kwance a gona fiye da shekara 10 yana jira. Duk na haddace wannan. Gaisuwa ce ta hana ni barci.

Sai na kai kukana teburin mai shayin bakin titin Gwarzo, nan Rijiyar Zaki. Hujjarsa ta sanin farfesoshi ita ce direban wani farfesa yana shan shayinsa tun zamanin Abacha.

"Kada ka karya kumallo," in ji shi, "ba sa son ɗalibi mai ƙoshi. Kada ka fara da Turanci, naka zai ƙare kafin nasa. In ya jefo tambayar da ba ka sani ba, ka yi tari."

Ya ce mu gwada: shi Farfesa, ni ɗalibi. Na ɗauki muryarmu a waya don in saurara da dare.

Washegari adaidaita sahu ya wuce da ni Rimin Gata, cikina babu ko ruwan bunu. Na isa wurin malamin, na yi sallama, na durƙusa. Dattijo ne mai fara'a, ya ajiye hularsa kan tebur saboda zafi, sanƙonsa na ƙyalli ƙarƙashin fanka. Ya ce in nuna masa hotunan gonar. Na ciro waya, na danna.

Ƙarar cokali a kofi ce ta fara fitowa. Sai murya, an kumbura ta kamar ta sanƙira:

"Kai yaro! Ni ne Farfesa! Ba na duba takarda sai da zabi biyu. Ka ga kan nan? Boko ne ya cinye gashin!"

Na danna. Gilashin wayar a tsage yake, yatsana kuma ya jiƙe da gumi. Na sake dannawa, ƙara ta ƙaru. Har ƙwai ana ji yana soyuwa. Na tusa wayar cikin aljihu, Farfesan bogi ya ci gaba da magana daga cinyata. Idona kuwa, duk inda na kai shi, sai ya dawo kan hular nan.

Na yi tari.

"Bar shi ya gama," in ji Malam.

Muka zauna muna sauraro, ni da shi. Can mai shayi ya ce, "To ɗan boko, me ya sa wuta-wutar taka ta fi cin gonar talaka?"

Malam ya ɗaga yatsa. "Amsa masa."

Na sake yin tari.

"Ƙasar da ta gaji, babu taki, ita ta fi so. Wannan tambayar ita ce bincikenka. Wane ne shi?"

"Allah ya gafarta Malam, mai shayi ne."

"Ka gaishe min da abokin aikina. Ka ce masa zabin ya kawo da kansa."

Na isar da saƙo. Yanzu duk layin Farfesa ake kiransa, kuma ya daina ba ni bashi.