Za'aluk da Gautan Gidanmu

Mutanen Maroko ba sa dire wa baƙo abinci kai tsaye. Sai sun fara jera masa ƙananan farantai, wannan karas, wancan zaitun, ga burodi mai faɗi a kwando. Babu wanda ya tsegunta mini haka sa'ad da muka je Fas ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, wanda ya rasu a birnin a 1815. Wuni muka yi muna ratsa lungunan tsohon gari, inda mota ba ta shiga, sai dai ka raɓe a bango alfadari ya wuce da kayansa. Kafin mu zauna cin abinci, yunwa ta gama cina.

Cikin farantan akwai wani abu ja-ja mai duhu, kamar miyar da aka hana wa ruwa, wai shi za'aluk. Na dangwala da burodi, sai da kunnena ya motsa. A raina na ce, "Allah sarki, ashe iyakar cimar bayin Allahn nan ke nan." Na share nawa, na taya abokin tafiyata share nasa, na danna burodi har wuya. Ina hamdala, sai ga tajin ɗin kaza da zaitun yana ɓararraka a kaskonsa. Ido na so, ciki ya ce ba masaka tsinke.

Tun da na rasa kaza, na rantse ba zan rasa sirrin za'aluk ba. Mai dafawar ya yi mini bayani, rabi da Larabci rabi da hannu. Babban yalon nan ne mai baƙin bawo ake gasawa har ya yi laushi, ya ɗauki ƙamshin hayaƙi. A ɓare shi, a haɗa da tumatir da tafarnuwa da man zaitun da garin tattasai marar zafi da wani kayan ƙamshi da suke ce wa kamun. Daga nan sai wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ana dannewa da cokali, har ruwan tumatirin ya ƙafe, mai ya fito gefe. Ya yi ta maimaita "shwiyya, shwiyya", ni kuwa ina gyaɗa kai irin na wanda ya haddace.

Da na dawo gida na gayyaci abokai, na kuma sanar cewa yau ni ne a madafa.

"Maigida, kai da ko ruwan shayi sai an dafa maka?" in ji uwargida.

Na ce ta zuba ido ta sha kallo. Ban samu babban yalo a kasuwarmu ba, na ce ai gauta ɗan'uwansa ne. Man zaitun, da na ji kuɗinsa, na tuna man gyaɗa ma mai ne. Tattasai marar zafi kuwa raini ne ga Bahaushe, na watsa attaruhu. Saura wutar. Na tsaya a kan tukunya, ruwa ya ƙi ƙafewa, ga baƙi sun fara sallama. Na ce Balarabe bai san sauri ba ne, na murɗa gas ɗin har ƙarshe, na fita gaisawa.

Ƙauri ne ya kira ni. Ƙasan tukunya ya zama gawayi, saman kuma tsululu, ga ɗaci ga yaji. Ɗan autanmu ya lasa, ya dube ni, ya tambayi uwarsa ko maganin shawara ne.

Ba ta ce uffan ba. Ta kwashe saman a wata tukunya, ta ƙara tumatir, ta jefa daddawa da busasshen kifi, ta rage wuta, ta tuƙa tuwon shinkafa. Baƙi suka yi ta santi. Wani dattijo a cikinsu ya suɗe hannu ya ce, "Alhaji, lallai tafiya mabuɗin ilimi. Wannan ce miyar Marokon? Yaya ake yin ta?"

Na gyara zama na ce, "To, da farko dai sai mutum ya iya haƙuri da wuta." Daga bayan labule uwargida ta kama tari.