'Yan Hayar da Ke Cikin Hanjin Alhaji

Kullum da hantsi wata tsohuwar mota mai lasifika a ka takan tsaya a bakin layinmu. Mai maganin ya yi ta rantsuwa cewa cikin kowa danƙare yake da datti, kuma kwalbarsa ɗaya za ta wanke shi tas, ta haɗa da basir da sanyi da shawara da wata lalurar da ba a faɗa a gaban yara. Maƙwabcina ba ya bari ta wuce. Wata uku ke nan yana wankin ciki. Na ce, "Alhaji, ko tukunyar biki ce ai ta isa fita haka." Ya ce, "Malam, kai ba ka san datti ba."

Abin da Alhaji bai sani ba, yana da 'yan haya. A 2016 masana sun ƙiyasta cewa bakteriyar da ke jikin mutum ɗaya ta kai tiriliyan 38, kusan dukkanta a babban hanji. Kuma ba zaman kashe wando suke yi ba. Su ke narkar da dusar hatsi da zaren ganyen da cikinmu ya gagara, su haɗa mana bitamin K, su cike gurbi don kada miyagun ƙwayoyi su samu wurin shimfiɗa tabarma. Ina mai gidan haya ya taɓa samun irin waɗannan a Kano?

To ga ladansu. Da ciki ya ɗan yi ƙugi sai a tura yaro kemis: "Ka ce a ba ni Flagyl biyu da ja-da-yalo ɗaya." Ba likita, ba gwaji. Shi kuwa maganin bai san ɓarawo ba, bai san liman ba, kan mai uwa da wabi yake yi. Kwana biyu Alhaji ya ji sauƙi ya watsar da saura, 'yan daban da suka tsira su gaje unguwa, kuma yanzu sun san makamin.

Sai kuma olsa, wadda kowa ke da ita da zarar abinci ya yi jinkirin minti goma. Wani likita ɗan Ostareliya, Barry Marshall, ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ƙwayar Helicobacter pylori a 1984 don ya nuna ita ce ke ɓata bangon ciki. Ya kwanta ciwo, amma a 2005 shi da Robin Warren suka karɓi kyautar Nobel. Alhaji ya sha abin da ya fi wannan haɗari sau ba adadi, ko sannu ba a yi masa ba.

Wanda ya fi ba ni dariya shi ne batun abinci. A 2010 an kwatanta hanjin yaran wani ƙauye a Burkina Faso, masu cin gero da dawa da wake da ganye, da na yaran birnin Florence a Italiya. Na ƙauyen suka fi yawan nau'o'in ƙwayoyi, musamman masu cin dusa. Wato tuwon dawa miyar kukar da muke ɓoyewa in an yi baƙi. Hajiyar Alhaji kuwa ta kori daddawa daga kicin, wai wari. Ta surfe gero har ya manta sunansa. Sannan ta shiga babban kanti ta sayo wani ɗan gwangwanin yogot da aka rubuta wa "ƙwayoyi masu rai", a kuɗin da zai sayi kindirmo ƙwarya guda.

Jiya mai fura da nono ta yi sallama a ƙofar Alhaji. Ya leƙa ƙwaryar, ya yatsina fuska, ya ce shi bai yarda da abin da bai san yadda aka haɗa shi ba. Bai rufe baki ba lasifika ta karyo kwana, ya fita ko takalmi babu.